Mai Alewa da Jinin Aro

Ba ɗabi'ata ba ce in tsoma alƙalamina cikin sha'anin maƙwabta. Amma tun da yake labarin abin da ya auku a layinmu ya faɗa bakin masu ƙarin gishiri, har wasu na cewa mutum ɗari ne suka kamu da ciwo cikin mako guda, na ga ya wajaba wanda ya ga farkon al'amarin daga ƙofar gidansa, ya kuma bi sawunsa har ƙarshe, ya rubuta shi bisa tsari, domin amfanin masu hankali.

Shagon Mai Alewa yana fuskantar gidana. Mutum ne kakkaura, tumbi a gaba, murya a sama, wanda ya shekara talatin yana dafa alewa da gasa kek a ɗakin da ke bayan shagonsa. A wannan sana'a babu mai ja da shi, kuma da ya tsaya a kanta da ya mutu da mutuncinsa. Sai dai Allah ya jarrabe shi da cutar sanin komai. In mota ta mace a layi, shi ne zai gaya wa bakanike abin da ke damunta. In mai aski yana aiki, shi ne zai nuna masa inda zai dosa da reza. Ya taɓa karɓar agogon masallaci ya gyara, kuma har yau ƙarfe huɗu yake nunawa.

Watanni ya kwashe yana shan ruwa kamar raƙumi, yana zarya tsakanin shago da banɗaki, yana bayyana wa maiɗakinsa cewa wannan alamar ƙarfin ƙoda ce. Ranar da ya kasa karanta lambobin da ke jikin sikelinsa, sai ta yafa mayafi ta sa shi a gaba zuwa asibiti. Aka auna jini, aka ce ciwon sukari ne. Likita ya rubuta ƙwayoyi, ya tura su wurin nas domin ta koya masa gwaji a gida. Abin da ya gudana a ɗakin nan, daga bakin uwargidan tasa iyalina suka ji shi.

Nas ɗin wata 'yar gajeriyar mata ce mai tabarau, wadda ba ta da lokacin wasa. Ta jera masa kaya uku a kan tebur: na'ura mai girman ƙaramar wayar hannu, da gwangwanin 'yan siraran takardu waɗanda ake ɗiga jini a bakinsu, da wani abu mai siffar biro wanda ƙaramar allura ke fitowa daga cikinsa ta tsiri yatsa.

Ta ce, "Baba, ka saurara da kyau. Kafin komai za ka wanke hannu da sabulu, ka goge ya bushe..."

"'Yata," ya katse ta, "sukari za ki koya mini? Shekara talatin da shi nake kwana, da shi nake tashi."

"Na buhu ke nan, Baba. Wannan na jini ne."

"Duk kanwar ja ce."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ga babu riba a gardama, sai ta tafi kai tsaye ga hukunci.

"Sau biyu a rana za ka yi, da safe kafin ka ci komai, da yamma kafin abinci. Yau naka ɗari uku da goma ne. Na safe ana so ya sauko ƙasa da ɗari da talatin. Bayan mako huɗu ka dawo mini da na'urar. In lambobin sun sauka, ka ci gaba da ƙwayoyinka. In ba su sauka ba, likita ya ce allura ce, kullum ta Allah, a ciki ko a cinya. Kuma kada ka wahalar da kanka da rubuta mini ƙarya a takarda. Na'urar nan tana riƙe kowane gwaji a cikinta, da ranarsa da lokacinsa."

A nan ya kamata in sanar da mai karatu wani sirri, wanda a lokacin babu wanda ya san shi sai Mahalicci da mai shi. Wannan ƙaton mutum, da ke cusa hannu cikin tanderu ba tare da ya ƙifta ido ba, babu abin da yake tsoro a duniya kamar allura. Ko tela ya gani yana zura zare sai ya kawar da kai.

Duk da haka, da suka dawo gida, bai ko cire takalmi ba sai da ya tara jama'a a ƙofar shago.

"Mako huɗu suka ba ni," ya ce, yana ɗaga na'urar sama kamar kofin gasa. "Ni kuwa na ba ciwon nan mako biyu ya tattara komatsansa. Sukari yarona ne. Yaushe yaro ya fara korar maigida daga gidansa?"

Washegari da sassafe ya shige ɗakin baya da kayan gwajinsa, ya sa sakata, bisa hujjar cewa jinin magidanci ba abin kallon mata ba ne. Ya ɗana biron, ya ɗora shi a kan yatsa, ya rufe ido, ya karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta hawa mota. Sai ya tuna cewa wannan yatsan nuni ne, ana bukatarsa a kullum. Na tsakiya ya cika tsawo. Na kusa da shi akwai zobe. Ƙaramin ya ba shi tausayi. Babban kuwa da shi yake ƙulla leda. Da yatsu goma suka ƙare da uzuri goma, sai ya danna biron a jikin buhun sukari. Ƙarar da ya yi, ƙyas, ita kaɗai ta sa ya zabura ya ture tiren kek.

Ya fito yana tsotsar yatsa, yana ɗingishi, ko da yake ban san abin da ya haɗa yatsa da ƙafa ba.

Uwargida ta ce, "Nawa?"

"Ɗari da biyu."

"Mu gani."

"Na'ura ta gaji, tana hutawa."

"Daga gwaji ɗaya?"

"Ke kin san nauyin jinina?"

Ba ta sake tambaya ba, amma ta kama nata ɓangaren da hannu biyu. Ta rage masa kwano, ta cika shi da ganye, ta hana shi ɗanɗana abin da yake dafawa, ta riƙa zuba masa ƙwayoyi a tafin hannu tana tsaye har sai ta ga maƙogwaro ya motsa. Da yamma kuma ta kora shi ya zaga layi sau uku a ƙafa.

Kwana uku buhun sukari yana shan allura a madadin mai shi, na'ura kuwa cikinta wayam. A rana ta huɗu dabara ta faɗo masa, kuma ya ɗauke ta a matsayin mafi girman tunanin da aka taɓa yi a layinmu. Na'ura jini take so, ba ta tambayar sunan uban mai shi. Layi kuwa cike yake da masu lafiya da ke yawo da jini a banza. Mutum ɗaya da safe, mutum ɗaya da yamma, mako huɗu, shi ke nan an rufe bakin nas, allura kuma ta nemi wani.

Ya samo kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe: GWAJIN SUKARI KYAUTA, DOMIN ZUMUNCI. Ya rataye a ƙofar shago, ya fito da benci.

Wajibi ne in yi wa wanda bai san sana'ar ba wani ɗan bayani. Alewa mai zafi tana manne wa hannu, ruwa kuma yana ɓata ta. Saboda haka Mai Alewa ba ya barin ruwa ya taɓa hannunsa a lokacin aiki. Garin sukari yake barbaɗawa a tafukansa, ya sake barbaɗawa, tun daga buɗe shago har rufewa, hannuwan nan fari fat har wuyan hannu. Da waɗannan hannuwan ya buɗe asibitinsa.

Wanda ya fara zaɓa shi ne mai aski, domin siriri ne kamar tsinken tsintsiya, kuma a keke yake zuwa aiki.

Mai aski ya ce, "Sabuwar allura za ka sa mini. Ni ko reza ba na maimaitawa."

"Kai, zauna. Likita kake koya wa tsafta?"

Ya canja allurar yana kallon sama. Ya kama yatsan mai aski ya murza, ya matsa, ya sake murzawa domin jini ya taru, har yatsan ya yi fari da gari. Ya danna biro yana kallon wani gefe. Jini ya fito, takarda ta tsotsa, na'ura ta ƙirga ta tsaya a kan ɗari biyu da tamanin da shida.

"Nawa ne na masu lafiya?" in ji mai aski.

"Ɗari da 'yan kai."

"To ni fa?"

Mai Alewa ya dubi na'urar kamar ta zagi mahaifiyarsa. Ba tausayin mai aski ne ya kama shi ba. Lambar nan ta riga ta shige cikin na'ura da sunansa, kuma bai san ƙofar fitar da ita ba.

"Ashe munafuki ne kai? Ka bushe a waje kamar sanda, ciki kuwa zuma!"

"Wallahi ko a shayi cokali ɗaya nake sawa!"

"Cokali ko shebur?"

Mai aski ya koma shagonsa yana tangaɗi, ya yi wa mutumin da ke kan kujera askin rabin kai, ya zauna ya yi tagumi.

Yanzu fa lissafi ya canja. Mummunar lamba ɗaya tana bukatar kyawawa da yawa su binne ta. Bai jira yamma ba, ya ƙwala wa tela kira. Ɗari uku da goma sha biyu. Ya kira bakanike, wanda fatar yatsansa ta yi kauri kamar taya, sai da aka murza ta da hannu biyu. Ɗari uku da arba'in. Ya tsallaka titi ya lallaso tsohuwar da ke sayar da kayan lambu. Ɗari biyu da casa'in da biyar.

"Ɗan nan," in ji tsohuwa, "ni rabona da zaƙi tun haƙoran gabana suna nan."

Mutum mai hankali a nan zai tsaya ya tuhumi kansa. Mai Alewa kuwa bai taɓa rasa amsa ba tun da aka yanke masa cibiya.

"Iya, teburinki ina yake kallo?"

"Shagonka."

"To shi ne. Ta ido yake shiga. Bincike ya tabbatar."

Baki shi ke yanka wuya. Kafin azahar, bayanin ya gama layi. Mutane suka fara wucewa ta gaban shagonsa da tafin hannu a gefen fuska, kamar masu gudun hasken walda. Iyaye mata suka riƙa zagawa da 'ya'yansu ta bayan layi. Alewa ta taru a tire, ba mai ciniki sai tururuwa.

An zo gare ni ma da benci da biro. Na amsa cikin ladabi cewa jinina ba ya fita sai da takardar likita mai hatimi.

Cikin mako guda layinmu ya koma gidan makoki. Mai shayi ya zauna yana kallon gwangwanin sukarinsa a cike, masu sha suna kurɓar ruwan ɗaci suna yamutsa fuska. Bakanike ya kira ƙaninsa ya nuna masa inda yake ɓoye sifanarsa mai lamba goma sha uku, wadda ko matarsa ba ta san wurinta ba, ya ce ya riƙe ta amana. Tela, da ya ji an ce ciwon yana ramar da mutum, ya zauna ya rage ƙugun wandunansa guda huɗu tun kafin ramar ta iso. Mai aski ya jingine keke ya koma sassarfa a ƙafa, yana zaga layi safe da yamma, yana tsayar da duk wanda ya gani domin neman gafara.

Mai Alewa kuma, da yake duk lambar da ta fito mummuna ce, sai ya ƙara ƙaimi. Ya gwada mai wanki, ya gwada mai gadi, ya gwada wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya kawai. Kowa ya zo da lafiyarsa ya koma da ciwo. Kuma gwargwadon yadda hankalinsa ya tashi, gwargwadon yadda yake ƙara murza yatsun mutane.

A rana ta goma sha biyu ya yanke hukunci cewa 'yan Adam na wannan zamani duk sun ruɓe, sai a nemi halittar da ba ta taɓa shan shayi ba. Da safe, lokacin da mahauci ya rataye sabon nama, ya je ya tsaya yana yaba kitse, ya lakato ɗigon jini da farin yatsansa, ya laɓe bayan turken wutar lantarki ya shafa a takarda. Na'ura ta ƙirga. Ɗari huɗu da biyu.

"Innalillahi! Har rago?"

Mai aski ne, wanda sassarfarsa ta safe ta kawo shi daidai kafaɗar Mai Alewa.

"Rufa mini asiri, gwajin na'ura nake yi..."

Ina! Wanda ya ba mai aski sirri ya ba gidan rediyo. Kafin rana ta take, kowa ya ji cewa an gano tushen annoba: naman mahauci ne. Har la'asar ko tsoka ɗaya ba a saya ba.

Mahaucin layinmu mutum ne dogo, mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana. Ya sauke cinyar rago daga ƙugiya, ya saɓa a kafaɗa, ya tako har ƙofar shagon alewa, jama'a na biye da shi a nesa kaɗan.

"Kai ne ka ce ragona na da sukari?"

"Ba ni na ce ba, ɗan'uwa. Kimiyya ce ta ce."

"Ina take, in gan ta?"

Mai Alewa ya nuna na'ura da ɗan yatsa.

"Ɗauko ta. Asibiti za mu, da kai da ita da ragon."

"Ai yau ba ranar ganin likitana ba ce. Akwai ƙa'ida a..."

Mahauci ya gyara zaman cinyar a kafaɗarsa. Uwargida, wadda ke tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, ta ciro makulli ta kulle shago, ta ce, "Mu je, maigida. Ni ma ina son ganin kimiyyar nan." Na ɗauki sandata na bi ayari, domin tarihi yana bukatar shaida.

Nas ta fito zauren jira ta tarar da mu. Ta ƙirga kawuna da bakin biro.

"Ku goma sha huɗu, duk daga layi ɗaya, duk ciwon sukari?"

"Har da rago, Sista," in ji mai aski.

"Wa ya auna ku?"

Yatsu goma sha huɗu suka nuna wuri ɗaya. Mai Alewa ya gyara tsayuwa, domin ko a bakin rami ba ya ƙin a nuna shi.

"Taimakon al'umma ne, 'yata. Na rage muku aiki."

"Madalla. Nuna mini yadda kake yi."

Wannan gayyata ce da ba zai iya ƙi ba. Ya zaunar da mai aski, ya kama yatsansa, ya fara murzawa yana yi wa sauran majinyatan da ke zaure bayanin yadda jini ke gudana a jikin ɗan Adam.

"Tsaya," in ji nas. "Mene ne wannan farin a hannunka?"

"Garin sukari ne. Sirrin sana'a. Shi ke hana alewa mannewa."

"Da wannan hannun kake matsa musu yatsa?"

"To da na wa zan matsa?"

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Baba, kwana tara kana auna alewarka, kana ce wa mutane jininsu ne."

Ta jera su a bakin famfo kamar 'yan firamare, kowa ya wanke hannu da sabulu ya goge. Ta ɗauko kayan asibiti ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai aski, casa'in da biyu. Ya daka tsalle ya rungumi wani mai karyayyen hannu da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tela, ɗari da ɗaya.

"Wanduna huɗu!" ya ce, ya dafe kai. "Huɗu na rage, har da na zuwa biki!"

Bakanike, casa'in da takwas. Bai tsaya godiya ba, ya fara neman ƙaninsa a waya kan maganar sifana. Tsohuwa, ɗari da goma.

"Ta ido, ko?" ta ce wa Mai Alewa. "Allah ya isa tsakanina da kai. Kwana takwas ina ciniki da ƙeya, wuyana har ya sage."

Mahauci ya ɗora cinyarsa a kan tebur. "Rago fa, Sista?"

"Ragonka lafiyarsa ƙalau, in ban da yankan da ka yi masa. Ɗauke mini shi daga nan." Ta juya ga Mai Alewa. "Biron nan na mutum ɗaya ne, ko da an canja allura. Allah ne ya tsare mutanen nan, ba wayonka ba. Miƙo na'urar."

Ta latsa, ta latsa, ta ci gaba da latsawa.

"Gwaji arba'in da bakwai. Mafi ƙanƙanta ɗari biyu da saba'in. Ranar Talata guda takwas cikin awa ɗaya. Wanne ne naka a ciki?"

"Suna nan, a gauraye."

"Je ka wanke hannu ka zo."

Ya wanke ya dawo. Ta juya tafukansa, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da ido, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sumul suke, ko cizon sauro babu.

"Fatar gidanmu ce," ya ce. "Saurin warkewa gare ta. Kakana ma..."

"Na yarda, Baba. Tun da naka na ciki, kuma mafi kyawunsu ɗari biyu da saba'in ne, to ƙwayoyi ba su yi aiki ba. Ba sai an jira mako huɗu ba. Bari in kai wa likita na'urar, yau za a fara maka allura."

Ta ɗauki na'ura ta nufi ƙofar ofis. A rayuwata na ga mutane a tsaka mai wuya, amma ban taɓa ganin wanda girman kai da tsoro suka ja shi ta gefe biyu kamar wannan bawan Allah ba. Gumi ya keto masa. Ta kama mariƙin ƙofa.

"'Yata... tsaya."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Babu nawa."

"Ban ji ba."

"Babu nawa a ciki. Ko ɗaya."

"Saboda me?"

"Saboda na fifita bukatar al'umma a kan..."

"Maigida," in ji uwargida, a hankali.

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro nake ji."

"Mu na baya ba mu ji ba," in ji mahauci.

"Na ce tsoron allura nake ji! Ko akwai wanda aka haifa da ita a hannu?"

Dariyar da ta ɓarke sai da ta sa likita ya leƙo daga ofis. Nas kaɗai ce ba ta yi ba. Ta zaunar da shi, ta riƙe hannunsa, ta ce, "Baba, tun ɗazu nake son in tambaye ka. Yaya ake gane alewa ta nuna a kan wuta?"

Nan take ƙirjinsa ya dawo wurinsa.

"Yauwa, yanzu kika yi tambaya. Jahilai suna duba agogo. Gwani kuwa kumfa yake kallo. In ta fara manyan ƙwai tana fashewa a hankali, sai ki ɗebo kaɗan a cokali, ki ɗaga sama, in zaren ya..."

Ya yi minti biyu cur yana bayani. Da ya kai aya, ya ja dogon numfashi, ya runtse ido, ya ce, "To, bismilla. Amma ki ƙirga uku tukuna, in shirya."

"An gama tun kana kan kumfa."

Ya buɗe ido ya ga ɗan jan ɗigo a gefen yatsansa, bai kai ƙwayar gero ba. Sai ya sulale daga kan kujera, kansa ya sauka a kan cinyar rago da mahauci ya ajiye a benci. Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo.

"Ɗari da hamsin da biyu," in ji nas, ta juya na'urar kowa ya gani. "Daga ɗari uku da goma. Ƙwayoyi suna aiki, girkin uwargida ma yana aiki. Jininka ya fi duk lambobin da ka aro kyau. Da da shi ka yi tun farko, da yanzu ka ci rabin hanya."

"Garin neman ƙiba," in ji tsohuwa. Ba ta ƙarasa ba, domin zaure ya ƙarasa mata.

Mai Alewa ya miƙe zaune yana goge kitse daga kunne. "Kun ji ko? Ɗari da hamsin da biyu! Ban gaya muku ba? Ke nan maganar allura ta wuce."

"Ba ta wuce ba, Baba. Lamba ɗaya ba ta isa hukunci ba. Mako huɗunka sun fara daga yau, kuma wannan karon da jininka." Ta buɗe aljihun tebur ta ciro sabon biro. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta tsallake shi ta damƙa wa uwargida.

Uwargida ta juya biron a hannunta, ta ɗana shi, ta saurari ƙararsa, ta sake ɗanawa.

"Sau biyu a rana kika ce, Sista?"

"Sau biyu. In kuma kin yi shakkar lambar da ta fito, ki sake tsira wani yatsan."

Ta saka biron a jaka, ta ja zif, ta dubi mijinta daga sama har ƙasa.

"Tashi mu je gida, maigida," ta ce. "Ka dai san ni da yawan shakka."